Tiyatar Gyaran Fuska da Fasahohin Zamani: Wanne Ma'auni Ya Dace da Arewa Maso Gabashin Nijeriya?

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiya a Dala, Maiduguri

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin ci gaban da aka samu a tiyatar gyaran fuska, tun daga yanko fatar goshi domin gina hanci har zuwa dashen fuska sukutum, sannan ta auna shi da halin da majinyatan Arewa suke ciki, musamman waɗanda cutar noma ta zaizaye wa baki da waɗanda harsashi ko bam ya raunata a Borno. Hujjar maƙalar guda ɗaya ce: ana auna fasahar tiyata ne da nauyin da take bari bayan an fito daga ɗakin fiɗa. Fasahar da ke ɗauke wahala ta mayar da ita gaban aiki, wato wurin shiri da tsarawa, ita ce ta cancanci kuɗinmu da farko. Wadda ke tara wahala a bayan aiki kuwa sai an gina mata ƙafafun da za ta tsaya a kai. Maƙalar ta amsa suka huɗu da ake yi wa wannan matsayi, ta kuma kawo shawarwari.

1.0 Gabatarwa

Da fuska ake numfashi, da ita ake ci da sha, da ita ake magana, kuma da ita ake sanin mutum. Duk sa'ad da ta lalace waɗannan huɗu kan lalace tare, shi ya sa gyaranta ya sha bamban da ɗorin karaya ko fiɗar ƙaba. A yankinmu abubuwan da ke ɓata fuska sanannu ne: cutar noma, tsagewar leɓe da ganɗa da ake haihuwar yaro da ita, ƙari a muƙamuƙi, ƙunar wuta, haɗarin mota da babur, sai kuma raunukan bindiga da fashewar bam da suka yawaita a Borno tun daga shekarar 2009. A lokaci guda kuma labarai suna iso mana ta intanet cewa a Turai da Amurka an dasa wa wani fuskar mamaci, ko an buga wa wani muƙamuƙi da na'ura. Tambayar da ke gaban mai tsara harkar lafiya a Maiduguri ita ce: daga cikin waɗannan fasahohi, wanne za a fara nema, kuma da wane ma'auni? Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai. Tiyatar da aka yi ta sa'a goma aka fito ana murna, amma bayan wata shida bakin yaro ya sake kullewa, ba ta fidda kowa ba.

2.0 Inda aka fito

Dabarar yanko fata daga wani sashe na fuska a juyo da ita a gina hanci tsohuwa ce a ƙasar Indiya, ana danganta asalinta ga likita Sushruta. A 1597 Gaspare Tagliacozzi na Bolonya ta Italiya ya bayyana yadda ake ɗauko fatar damtse a ɗinka a hanci, a ɗaure hannun a jikin kai har sai fatar ta kama. Sauyi na farko ya zo ne da Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya mai da wannan aiki fanni mai zaman kansa. A asibitin Sidcup da ke Ingila, wanda aka buɗe a 1917, Harold Gillies da abokan aikinsa sun yi wa sojoji fiye da 5,000 aiki. Hanyarsu ita ce naɗe fata kamar bututu, a riƙa ciyar da ita gaba mataki-mataki har ta isa fuska, abin da kan ɗauki watanni. Ƙa'idar da ta fito daga wannan zamani tana nan har gobe: ana gina fuska ne kamar yadda magini ke gina ɗaki, da yaɓen ciki, da ginshiƙi, da rufi. Wanda ya rufe ramin kunci da fata daga waje bai shimfiɗa komai daga cikin baki ba, zai ga aikin ya tsuke ya motse.

Sauyi na biyu ya zo ne da madubin tiyata mai ƙara girman abu, wanda ya ba da damar ɗinke jijiyar jini da kaurinta bai wuce milimita biyu ba. A 1973 aka samu nasarar ciro fata da jijiyoyinta gaba ɗaya daga wani sashe na jiki, a kai ta wani sashe mai nisa, a jona jijiyoyin. A 1981 likitocin ƙasar Sin suka bayyana amfani da fatar sangalin hannu, a 1984 kuma fatar cinya. A 1989 David Hidalgo a Amurka ya nuna cewa ana iya ciro siririn ƙashin ƙwauri, a yayyanka shi, a lanƙwasa shi ya zama muƙamuƙi, mutum kuma ya ci gaba da tafiya da ƙafarsa. A cibiyoyin da suka goge, irin wannan dashe yana kamawa a fiye da kashi 95 cikin ɗari. Ƙololuwar wannan tafiya ita ce dashen fuska. A watan Nuwamba 2005, a garin Amiyan na Faransa, aka dasa wa Isabelle Dinoire hanci da leɓɓa da haɓa, a 2010 kuma aka yi dashen fuska cikakkiya a Basalona ta Sifaniya. Har yanzu waɗanda aka yi wa wannan aiki a duniya duka ba su wuce kimanin 50 ba.

Sauyi na uku bai faru a kan gadon fiɗa ba, a kwamfuta ya faru. Ana ɗaukar hoton siti-sikan na kan majinyaci, a fitar da siffar ƙashinsa a allo, a yanke inda za a yanke, a auna giɓin da zai rage. Daga nan na'urar buga siffa ta 3D ta fitar da samfurin muƙamuƙin da roba, a lanƙwasa farantin ƙarfen taitaniyam a jikinsa tun kafin ranar aiki, a kuma buga 'yan ma'aunai da za su nuna wa zarto inda zai bi. Abin da likita kan yi a tsaye, majinyaci na kwance jini na zuba, an gama shi a kan tebur tun mako guda da ya wuce.

3.0 Darasin cutar noma

Babu cutar da ta fi noma gwada waɗannan fasahohi a ƙasar Hausa. Tana kama yara ne galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya mutu ya yi baƙi ya faɗo, har ƙashi da haƙora su bayyana. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda ba su samu magani ba suna mutuwa. Abin takaici shi ne a matakin farko ƙwayoyi masu araha irin su amoksisilin da metronidazol, da wanke baki, da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. A watan Disamba 2023 ne hukumar ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Nijeriya ta jagoranci gabatarwa.

Wanda ya tsira yakan tashi da rami a kunci ko leɓe ko hanci, amma babbar matsalarsa sau da yawa ita ce kullewar muƙamuƙi. Tabon da ya maye gurbin naman da ya mutu yana tsukewa, wani lokaci har ya zama ƙashi ya haɗe muƙamuƙin ƙasa da na sama. Irin wannan yaro ba ya iya buɗe baki ko da kaurin yatsa. Uwa kan dama masa kunu ya yi ruwa, ko ta mutsuttsuke tuwo ta tura ta giɓin haƙori ko ta ramin kuncin, yawu na dalala, magana ba ta fita sosai. Idan ya yi amai kuwa, ransa na cikin haɗari. Ga likitan da ke sa barci, wannan baki shi ne farkon jarrabawa, domin ba ya iya leƙa maƙogwaro ya zura bututun numfashi kamar yadda aka saba. A da, mafita ita ce a huda wuya. Yanzu akwai siririyar igiya mai kyamara da fitila a bakinta, wadda ake zurawa ta hanci, ana kallon hanya a allo har a isa maƙogwaro. Wannan na'ura ba ta shiga kanun labarai, amma ta sauya tiyatar noma fiye da yadda dashen fuska zai taɓa yi.

Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, ya tara gogewar da ta kamata a yi nazari a kanta. Tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tare da ma'aikatar lafiya a can. Kafin a taɓa yaro da wuƙa sai an ciyar da shi ya murmure, sannan ba a gaggauta gyara sai ciwon ya lafa tabo ya zauna. Yawancin ramukan ana toshe su ne da naman maƙwabta: fatar goshi, ko ta ƙarƙashin haɓa, ko ta saman ƙirji da kafaɗa, ko yanki daga lafiyayyen leɓe, kowanne yana tafe da jijiyarsa ba tare da an yanke ta ba. Bayan an saki muƙamuƙi kuma sai aikin gaske ya fara. Kullum masu gashin ƙashi suna jera 'yan katakon nan na danne harshe tsakanin haƙoran yaro, yau guda biyar, gobe shida, yana kuka ana lallashi, ana auna buɗewar baki da milimita. In aka sallame shi ya koma ƙauye aka daina wannan atisaye, tabo kan sake tsukewa. A Damagaram ta Jamhuriyar Nijar ma, ƙungiyar Sentinelles ta gina aikinta ne a kan bin yara har gidajensu shekara da shekaru. Abin da waɗannan wurare suka koyar shi ne, rabin nasarar aikin yana hannun nas da mai gashi da uwar yaro.

4.0 Ma'aunin da ake ba da shawara

Idan aka ɗora fasahohin da aka ambata a kan sikelin nauyin da suke bari bayan an fito daga ɗakin fiɗa, sai su kasu gida uku. Na farko su ne masu rage nauyin bayan aiki: igiyar kyamara, hoton siti-sikan, tsara aiki a kwamfuta, samfurin roba, na'urar auna iskar oksijin a jini, da wayar hannu da ake bibiyar majinyaci da ita. Waɗannan suna gajarta lokacin barci, suna rage zubar jini, kuma in wuta ta ɗauke ana cikin tsarawa, babu wanda zai mutu, sai dai a jira. Ana ma iya aika hoto daga Maiduguri zuwa Kano ko Abuja a tsara a dawo da shi. Na biyu shi ne dashen nama mai jonin jijiya. Kyawunsa ba ya da musu, kuma ga wanda bam ya ɗauke wa rabin muƙamuƙi babu abin da ya kai ƙashin ƙwauri. Sai dai kwana ukun farko suna buƙatar nas da za ta duba naman kowace sa'a, dare da rana, ta ga launinsa da ɗuminsa, ta tsikare shi da allura ta ga ko jini ja ne ke fita. Idan jijiya ta toshe da ƙarfe biyun dare, dole a samu ɗakin fiɗa a buɗe, da likita, da mai sa barci, da jini, da wuta, cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba naman ya mutu, majinyaci ya tashi da rauni biyu. Na uku shi ne dashen fuska, wanda ke ɗaure mutum da magungunan danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwarsa. Dinoire ta rasu a 2016 da ciwon daji, bayan shekaru tana shan waɗannan magunguna a ƙasar da ke da cikakken tsarin lafiya.

Wannan rabe-rabe yana da ma'ana ta musamman a Maiduguri. A watan Janairu 2021 aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, Maiduguri ta daɗe cikin duhu, har sai da aka gina tashar wuta mai amfani da iskar gas da aka ƙaddamar a 2023. A watan Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da Asibitin Ƙwararru na Jiha. Duk wanda zai sayo fasaha a nan dole ya tambayi abin da zai same ta a irin waɗannan ranaku. A gefe guda kuma buƙata tana nan jibge. A 2016 aka ayyana dokar ta-ɓaci kan tamowa a Borno, ƙyanda ta sha ɓarkewa a unguwanni da sansanonin 'yan gudun hijira, a nan Dala ma sai da aka buɗe cibiyar jinyar kwalara a 2017. Yunwa da ƙyanda da ƙarancin ruwa mai tsabta su ne ainihin ƙasar da noma ke tsirowa a kai, amma uwar da za ta kai ɗanta Sakkwato daga nan sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, ta Damaturu da Potiskum da Kano, ba sau ɗaya ba, domin gyara yakan ɗauki aiki biyu ko uku.

5.0 Amsa ga masu suka

Suka ta farko ita ce rigakafi ya fi magani: kuɗin tiyatar yaro ɗaya zai yi wa yara masu yawa allurar ƙyanda. Wannan gaskiya ce, kuma tarihi ya goyi bayanta, domin noma ta ɓace daga Turai ne ta hanyar abinci da tsabta, ta kuma sake ɓulla a sansanonin 'yan Nazi inda yunwa ta dawo. Amma rigakafi ba ya buɗe bakin wanda ya riga ya kulle, ba ya mayar da haɓar wanda harsashi ya ɗauke. Ƙari ga haka, cibiyar gyara ita kanta makamin rigakafi ce. Iyayen da ke ɓoye yaro a ɗaka saboda an ce iska ce ta taɓa shi, in suka ga ɗan maƙwabci ya dawo yana cin tuwo da bakinsa, su ne za su fara kawo ƙanen yaronsu tun dasashi na zubar da jini.

Suka ta biyu ta fi zafi: cewa wannan ma'auni wata hanya ce ta ce wa talaka da babu gara ba daɗi, a bar masa tsohuwar dabara, masu hali su tafi Masar ko Indiya. Amsar ita ce ma'aunin yana magana ne a kan jeri, bai haramta komai ba. Dashen nama mai jonin jijiya ya kamata ya zauna da gindinsa a Maiduguri, sai dai matakalarsa ita ce horar da nas-nas, da bankin jini, da wutar sola da ba ta yankewa a sashen kulawa ta musamman. Waɗannan kuwa za su amfani mai naƙuda da wanda ya yi haɗari. Sayen madubi mai tsada kafin su, rashin adalci ne ga talakan da za a fara gwaji a kansa. Ya kamata kuma a sani cewa amfani da fatar ƙarƙashin haɓa, wanda aka bayyana a 1993, ya fi dashen sangalin hannu sabunta, kuma launin fatar ya fi dacewa da na fuska.

Suka ta uku ita ce tawagogin ƙwararru da ke zuwa daga waje sun wadatar. Ba a raina abin da suka yi, domin da su aka fara tiyatar noma a Sakkwato. Amma tawaga takan yi mako biyu ta tafi, alhali tabo yana ɗaukar shekara yana tsukewa. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2015 ya nuna cewa mutum biliyan 5 ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da araha, ya kuma sa burin ƙwararru 20 na fiɗa da sa barci da haihuwa ga kowane mutum 100,000. Giɓi irin wannan ba ya cika da baƙi. Ya kamata a auna kowace tawaga da yawan ayyukan da likitan gida ya riƙe wuƙa a cikinsu.

Suka ta huɗu daga wajen iyaye take zuwa, cewa gyaran fuska canza halittar Allah ne. Malamai sun daɗe da bambance ƙawa ta son rai da kawar da aibi ko cuta. Hujjarsu sananniya ita ce ta Sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Isar da wannan bayani aikin limamai da malaman Islamiyya ne, kuma ya kamata a gayyato su tun wurin tsara shiri.

6.0 Kammalawa da shawarwari

Maƙalar ta nuna cewa ci gaban tiyatar fuska iri-iri ne, kuma abin da ya raba su shi ne inda kowanne ke ajiye wahalarsa. A kan haka ake ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, a kafa sashen gyaran fuska na dindindin a Maiduguri wanda zai haɗa likitocin baki da muƙamuƙi, da na gyaran jiki, da masu sa barci, da masu gashi, da masu koyar da magana, da masana abinci, ya kuma ƙulla alaƙar horo da Sakkwato. Na biyu, a fara kashe kuɗi a kan igiyar kyamara, da na'urorin lura da numfashi, da wutar sola, da tsara aiki a kwamfuta, kafin a kai ga madubin jonin jijiya. Na uku, duba bakin yaro ya zama wajibi a duk cibiyar tamowa da wurin rigakafi, domin buɗe baki a haska da tocila ba ya cin minti ɗaya. Na huɗu, a buɗe rajista da za ta bi kowane majinyaci aƙalla shekara biyu, a sanya kuɗin motarsa na dawowa cikin kasafin aikin. Rahoton da cibiya za ta miƙa wa gwamnati ko masu ba da tallafi kada ya tsaya a yawan tiyatar da aka yi. Ya faɗi milimita nawa bakin ke buɗewa bayan shekara biyu, ko majinyaci yana tauna abinci, ko ana fahimtar maganarsa, ko yaro ya koma makaranta. Da waɗannan alƙaluma ne za a san fasahar da ta cancanci a ƙara mata kuɗi da wadda za a dakatar.